Daga Turke Zuwa Tukunya: Yadda Ake Tare Kashin Dabbobi Daga Rijiya da Nama

Saniyar da ta fi kowace ƙiba a garke, mai sheƙin jiki, mai cin dusa kamar ba gobe, tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta a hanjinta waɗanda za su kwantar da yaro ɗan shekara uku a asibiti, ita kuwa ko tari ba ta yi. Haka rago, haka akuya, haka kaza. Shi ya sa duba lafiyar dabba kafin a saya, duk da amfaninsa, bai wadatar ba. Ƙwayoyin a cikin kashi suke fitowa, kuma hanyoyin da suke bi daga kashin zuwa bakin mutum ba su da yawa: gangaren ruwan sama, igiyar guga, kaifin wuƙa, tafin hannu, sai ƙuda. Duk mai gida zai iya bin waɗannan hanyoyi da ƙafarsa ya toshe su, kuma yawancin aikin bai buƙatar kuɗi mai yawa.

Akwai dalilin da ya sa muke sakaci da kashin dabba fiye da na mutum. A mazhabar Malikiyya kashi da fitsarin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, muddin ba ƙazanta take ci ba, don haka wanda ya taka kandilo bai damu ba. Hukuncin daidai yake a muhallinsa, wato ingancin salla. Maganar abin da zai shiga ciki kuwa daban take.

Abin da ke cikin kashin

Ƙwayoyin cuta huɗu ne suka fi damun mu. Na farko Ikolai O157, wadda aka fara ganewa a Amurka a 1982. Gidanta hanjin shanu da tumaki da awaki. Tana sa murɗar ciki da zawo mai jini, kuma a wasu yara takan kai ga ƙoda ta daina aiki. Abin tsoronta shi ne ƙasa da ƙwaya ɗari ma sun isa su kama mutum, adadin da ɗigon da ya tsaya a kan tsinin wuƙa zai iya ɗauka. Sai Salmonela da Kamfilobakta, waɗanda suka fi yawa a kashin kaji, duk da cewa shanu ma suna da su. Na huɗu Kirifto, wata ƙaramar halitta da 'yan maruƙa masu zawo ke zubarwa da yawa. Ƙwanta yana da tauri, har sinadarin kulorin da ake sa wa ruwan sha bai cika kashe shi ba. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ne ke rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuma suna mutuwa, 125,000 daga cikinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5. Afirka ce ta fi kowace nahiya ɗaukar nauyin idan aka auna da yawan jama'a. Ba duka ne daga dabbobi ba, amma kaso mai tsoka daga can yake.

Mataki na farko: bi ruwan sama ka ga inda yake zuwa

Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, kada ka zauna a ɗaki. Sa takalmi ka fita, ka tsaya a turke, ka bi ruwan da ya wanke shi da ido har inda ya ƙare. Idan ya bi ta gefen rijiya, ko ya kwanta kusa da ita, ko ya ratsa inda mata ke wanke-wanke, ka gano babbar matsalar gidanka a minti goma.

Ƙa'idar ita ce turke da akurki da jujin taki su kasance a ƙasan gangare, rijiya a sama, da tazarar aƙalla mita 30, wato kusan taku 40 na babban mutum. Wannan ita ce tazarar da ma'aikatan ruwa ke nema tsakanin masai da rijiya, kuma turke bai fi masai tsabta ba. Inda ƙasa take rairayi ko dutse mai tsaga, ko inda ruwa ke kusa da sama kamar fadama, a ƙara nisa, domin irin wannan ƙasa ba ta tace komai.

Wanda yake ganin wannan matsalar talaka ce ya duba abin da ya faru a garin Walkerton na lardin Ontariyo a Kanada, a watan Mayun 2000. An watsa takin shanu a wata gona kusa da ɗaya daga cikin rijiyoyin da ke ba garin ruwa, rijiya mara zurfi. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya kwashi Ikolai O157 da Kamfilobakta ya shigar da su rijiyar, masu kula da famfon garin kuma ba sa zuba kulorin yadda ya kamata. A gari mai mutum kusan 5,000, kimanin 2,300 suka kwanta, 7 suka mutu. Binciken da alƙali Dennis O'Connor ya jagoranta bai ɗora wa manomin laifi ba, don ya bi ƙa'idar zuba taki. Rijiyar ce take a mugun wuri, kuma babu mai tsaronta.

A cikin birni, inda gida duka bai kai mita 30 ba, ga raguna a lungu ga rijiya a tsakar gida, gaskiyar magana tazarar ba za ta samu ba. Abin yi uku ne. A yi wa turken daɓen siminti mai ɗan gangare zuwa ramin da zai tsotse fitsari, nesa da rijiya gwargwadon iko. A yi masa rumfa don kada ruwan sama ya wanke shi. Sannan a ɗauki ruwan rijiyar a matsayin wanda ba a sha sai an dafa ko an sa magani, ko da ya fi hawaye haske.

Mataki na biyu: bakin rijiya

Mafi yawan ƙazantar da ke shiga rijiya ta baki take shiga. A ɗaga ginin bakin ya kai tsakanin gwiwa da ƙugu. A zagaye shi da daɓen siminti mai faɗin aƙalla mita ɗaya ta kowane ɓangare, ya gangara waje, da 'yar kwata da za ta kai ruwan da ya zube can nesa. Mita 3 na farko daga sama zuwa cikin rijiyar su zama shafaffu da siminti, babu kafar da ruwan saman ƙasa zai tsiyaya. A yi murfi, a kuma riƙa rufewa, don murfin da ke jingine da bango ado ne kawai.

Sai igiya, wadda a ganina ita ce babbar ɓarauniya. Ana jan ruwa igiyar tana taruwa a ƙasa inda awaki suka yi kashi, kaji suka tona, takalma suka taka, sannan a sake jefa ta cikin rijiya ta wanke kanta. A kafa gwafa ko a buga ƙusa a rataye guga da igiyarsa, a kuma ajiye tsohuwar roba mai tsabta da igiyar za ta riƙa sauka a ciki yayin ja. Rijiyar unguwa ta sami guga ɗaya nata na kanta. Kowa ya zo da nasa daga gida yana nufin kowa ya zo da tsakar gidansa.

Kwamin shayar da dabbobi kada ya manne da rijiya. A kai shi ƙasan gangare, taku goma sha ko fiye, a ja ruwa zuwa can da kwata ko tiyo, a yi wa rijiyar shinge ko da na ƙaya ne. Rijiyar burtsatse ma ba ta tsira ba: idan daɓen gindin famfon ya tsage, ko taɓo ya kwanta a wurin shanu suna cakuɗa shi, ruwan yakan bi jikin bututu ya sauka. Buhun siminti ɗaya yana gyara wannan.

Tafki da rafi, da ruwan farkon damina

Inda mutane da garke ke shan tafki ɗaya, a raba musu mashaya, dabbobi a ƙasa, mutane a sama idan ruwan mai gudu ne. Idan kwantacce ne, rabawar ba ta da wani tasiri sosai, gara a haƙa 'yar rijiya a gefe, taku kaɗan daga bakin ruwan, a bar ƙasa ta tace shi kafin ya iso. Haƙa rami a yashin busasshen rafi da mutanen karkara ke yi dabara ce mai kyau, in dai an kare ramin daga kofato.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne ruwan farko. Watannin rani duka kashi yana taruwa a bakin mashaya, ruwa ɗaya ya kwashe shi gaba ɗaya ya zuba a inda ake ɗiba. A ƙasar Siwazilan, wadda yanzu ake kira Eswatini, haka ta faru a 1992: fari ya tara shanu a 'yan wuraren da ruwa ya rage, da yawa suka mutu a nan, da ruwan sama ya sauka sai zawo mai jini na Ikolai O157 ya kama dubban mutane. Makonnin farko na damina, ko gidan da bai saba dafa ruwa ba ya dafa.

Mataki na uku: taki

Babu mai cewa a zubar da taki, ga tsadar na zamani. A share turke kullum, a kai kashin wuri ɗaya, a ƙasan gangare, a ɗan yi masa ganuwar ƙasa don kada ya malale. Tsibin da aka bari kawai yana bushewa bai kashe ƙwayoyin cuta da wuri. Zafi ne ke kashe su, zafin kuma sai an haɗa tsibin da kyau yake tashi.

A jera shi hawa-hawa: kashi, sai busasshen kara ko ciyawa ko ɓuntun shinkafa, sai kashi, har ya kai ƙirji a tsayi, faɗinsa ma kamar haka. A yayyafa ruwa ya yi damshi, yadda in ka matse a hannu zai dunƙule amma ruwa ba zai zuba ba. A rufe da tsohuwar tabarma ko buhuna. Cikin 'yan kwanaki cikinsa zai ɗau zafi. Abin da ake nema shi ne digiri 55 zuwa sama. Ƙa'idar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta gindaya wa irin wannan tsibi ita ce ya riƙe wannan zafi kwana 15, a juya shi sau 5 a tsakani, domin na gefe ma ya shiga tsakiya ya dahu. Wanda ba shi da ma'auni ya soka rodi a tsakiya, ya bar shi minti goma, ya zaro. In ya iya riƙe shi ba tare da ya ji zafi sosai ba, tsibin bai kama ba, ko ya bushe ko ya jiƙe da yawa.

Idan ɗanyen taki za a kai gona, lokaci ne maganin. Dokar noman da ba na sinadari ba a Amurka ta sa kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Ga mai gero da dawa da masara wannan ba matsala ba ce. Masu lambu ne abin ya shafa: latas, kabeji, karas, tumatir, albasa mai lawashi, duk abin da ake ci ɗanye. Barbaɗa ɗanyen kashin kaji a kan latas saura mako uku a cire, don ganye ya yi kore shar, kai cuta kasuwa ne.

Mataki na huɗu: yanka da fiɗa

Tsokar dabba mai lafiya, kafin wuƙa ta shige ta, kusan babu ƙwayar cuta a cikinta. Ƙazantar tana wuri biyu, bayan fata da cikin hanji. Aikin mahauci duka, idan aka taƙaita, shi ne ya raba nama da waɗannan biyu ba tare da sun gaisa ba. Abin da ke tafe ya shafi mayanka, ya kuma shafi mai layya a ƙofar gidansa.

Tun daren jajibiri a janye wa dabbar abinci, kamar awa 12, a bar mata ruwa ta sha iya sonta. Tumbin da ya cika dam shi ne ke fashewa. A kwana da ita a busasshen wuri. In jikinta ya yi kaca-kaca da kashi, a kankare tun da wuri ta bushe, don jiƙaƙƙiyar fata ta fi busasshiya ɗiga.

A shirya wuri kafin a kayar: nesa da rijiya, rami mai zurfin kamu biyu ko uku don jini da toroso, leda mai kauri ko tabarmar roba a shimfiɗe, wuƙa biyu, igiya ƙanana guda biyu, babbar roba ta kayan ciki, sabulu, buta, da tukunyar ruwa a kan wuta. A manyan mayankan duniya ana tsoma wuƙa a ruwan da ya kai digiri 82. A gida, ruwan da ke tafasa a gefe ya yi. Ana aiki da wuƙa ɗaya, ɗayar tana cikin tukunya, ana musanyawa.

Bayan an yanka jini ya gama tsiyaya, a nemo bututun abinci a wuya, wanda ke bayan maƙogwaro, a ɗaure shi tam da igiya. In ba haka ba, da an ɗaga dabbar abin da ke cikin tumbi zai gangaro ya wanke wuya da ƙirji. A rataye rago ko akuya a reshe ko gwafa. Sa, in babu abin ratayewa, a kwantar da shi a bayansa a kan shimfiɗa, fatarsa ta zama faifan da naman zai zauna a kai, kada gefenta ya naɗo ciki.

Wajen tsaga fata, a huda kaɗan, a juya kaifin wuƙa ya kalli waje, a yanko daga ciki. Wanda ya yanka daga waje zuwa ciki yana tura gashi da kashi cikin nama da hannunsa. Wuƙar da ta tsaga fata ta koma tukunya, a ɗauki ɗayar. Hannu ma a raba musu aiki: wanda ke riƙe fata shi ke nan aikinsa, kada ya dafa nama sai an wanke shi da sabulu. Hura ƙafar akuya da baki don fata ta saki, a bar shi. Bakin mutum yana kan fata mai kashi, numfashinsa kuma yana shiga ƙarƙashinta.

Kafin a buɗe ciki, a zagaye dubura da wuƙa a sake ta, a sa ta cikin 'yar leda a ɗaure da igiya ta biyu. Sannan a huda cikin kaɗan, a sa yatsu biyu su tura hanji baya, wuƙa tana tsakaninsu kaifinta na kallon waje, a tsaga a hankali. Tumbi da hanji su fito a dunƙule su faɗa roba, a ɗauke su daga wurin gaba ɗaya. Hanta da zuciya da huhu su shiga wani kwano daban. Mai wankin tumbi da hanji aikinsa ke nan, da ruwansa da wurinsa, can bakin ramin, kuma ba zai dawo ya taɓa nama ba sai ya wanke hannu har gwiwar hannu. Zubar da toroso a kwatar unguwa ranar Babbar Salla, ko wanke hanji a daɓen rijiya, shi ne mayar da duk abin da aka yi wahalar rabawa cikin ruwan jama'a. Idan an gama a rufe ramin da ƙasa.

To, in tsautsayi ya sa hanji ya fashe fa? Hannu zai kai ga buta, amma a dakata. Ruwa yana ɗauke abin da ido ke gani, ya shimfiɗa wanda ba ya gani a kan sauran naman. A ɗauki wuƙa mai tsabta a feƙe wurin da ya ɓaci, a yar. Asarar 'yar tsoka ce, kuma ita ce hanyar da masu duba nama suka fi yarda da ita.

Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, baƙin jini mara daskarewa yana fita ta hanci ko baki ko dubura, kada a feɗe ta, kada a ja ta a ƙasa, ko don fata. Alamar cutar saifa ke nan, wadda aka tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja ta jihar Neja a watan Yulin 2023. Ƙwayoyinta suna rayuwa shekaru da dama a ƙasa da zarar an buɗe gawar. A kira malamin dabbobi. Wadda ake gaggawar sa wa wuƙa don kada ta zama mushe, ita ma a bari ya gani kafin a raba.

Mataki na biyar: daga teburin mahauci zuwa tukunya

A kasuwa, duba tebur kafin ka duba nama. Idan tumbi da hanji suna kwance jikin tsoka, ko ana yayyafa wa nama ruwa daga bokitin da ake wanke wuƙa, wuce gaba. Sayen safe ya fi na yamma. Kayan ciki a ƙulla su a leda daban. Sarkin fawa da ya sa a raba teburin kayan ciki da na nama, ya sa a kankare kututturen sara kullum a zuba masa tafasasshen ruwa, ya yi wa garinsa aikin da babu allurar da za ta yi.

A zafin ƙasarmu ɗanyen nama bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba, domin tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Al'adar rataye naman layya ya kwana ya sha iska tana da sauƙi in Salla ta faɗo cikin hunturu. In ta faɗo cikin bazara ko damina, gara a kafa shi a gefen wuta ko a soya a ranar.

Dahuwarmu ta miya da farfesu da suya tana kashe duk waɗannan ƙwayoyi, domin digiri 70 har tsakiya ake buƙata, mu kuwa muna wuce nan. Inda ake faɗawa shi ne bayan dahuwa: faranti ko wuƙar da ta taɓa ɗanye ta dawo ta taɓa dafaffe, ko ta yanka albasa da tumatir da kabejin da za a ci haka nan. Mai tsire da ke yanka gasasshe a katakon da ya yanka ɗanye ya ɓata aikin wutarsa. Kilishi ma, shanya shi a rana ba ta isa ba, ga ƙura ga ƙuda. Gashin ƙarshe bayan an tsoma shi a labu ya bushe shi ne mai kashe cuta, kada a yi masa shafa-shafa.

Niƙaƙƙen nama sai an ƙara kula. Ƙwayar da ke bayan tsoka wuta na fara cin ta, amma in an niƙa ta shige tsakiya. A 1993 gidajen abincin Jack in the Box a Amurka sun sayar da irin wannan nama bai dahu ba, sama da mutum 700 suka kamu da Ikolai O157, yara 4 suka mutu. Masu yin samosa da fanken nama da shawarma su tabbatar babu ja a tsakiya. Kaza kuma har jikin ƙashi.

Nono ma hanya ce. A wanke hantsar saniya da hannun mai tatsa, a tafasa madarar kafin a kwantar da ita ta zama kindirmo. Tsami shi kaɗai bai kashe Ikolai O157.

Mataki na shida: ruwan da za a sha

Idan ruwan ya yi gurɓi, a fara kwantar da shi da alam ko dakakken ƙwayar zogale, wadda matan karkarar Sudan suka daɗe suna amfani da ita, a tsiyaye na sama a tace da tsumma mai tsabta. Wannan share fage ne, bai kashe cuta ba. Sai a dafa har ya tafasa yana birkiɗa, a bar shi minti ɗaya. Tafasa ce ta fi tabbas a cikin hanyoyin gida wajen gamawa da duka ƙwayoyin huɗun nan, har da Kirifto. Kulorin, na ƙwaya ko na ruwa, yana maganin sauran ukun: a bi adadin da aka rubuta a jikinsa, a jira minti 30. Amma gidan da ke da maruƙa masu zawo, ko jariri, ko mara lafiyar da jikinsa ya yi rauni, ya dafa. In babu itace babu magani, a cika gorar roba mai haske wadda ba ta wuce lita 2 ba, a kwantar da ita a kan kwano cikin rana awa 6, kwana 2 in akwai hadari.

Wani abu da tafasa ba ta cirewa shi ne sinadarin naitiret, wanda ke tsiyaya daga tsohon turke ko juji zuwa rijiya, yana kuma cutar da jarirai. Rijiyar da ta yi shekaru a gefen garke, kada a haɗa wa jariri madara da ruwanta sai an kai an gwada.

Ruwan da aka gyara a zuba shi a jarka mai ƙaramin baki. In randa ce, ta sami murfi da moɗa mai dogon hannu da ake ratayewa, ba kofin da yaro zai ɗauka daga ƙasa bayan ya gama wasa da ɗan akuya ba. Jarkokin 'yan garuwa a tambayi inda ake cika su.

Idan zawo ya riga ya shigo gida

Kada a tsaya kan abincin jiya kawai. Salmonela takan nuna kanta cikin awa 6 zuwa kwana 3, Kamfilobakta kwana 2 zuwa 5, Ikolai O157 galibi kwana 3 zuwa 4, Kirifto kusan mako. A fara ba da ruwan gishiri da sukari nan take, na ƙulli daga kemis, ko a haɗa: lita ɗaya ta dafaffen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yara a haɗa musu da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14, mai shan nono ya ci gaba da sha.

In akwai jini a bayan gida, asibiti za a tafi. Kada a sayi maganin tsayar da zawo, kada kuma a ɗirka wa yaro kafso da ka, domin idan Ikolai O157 ce, waɗannan suna iya ƙara haɗarin taɓuwar ƙoda. Ko bayan zawon ya lafa, a sa wa yaron ido har kwana goma: in fitsarinsa ya ragu, ya ɗashe, fuska ko ƙafa ta kumbura, ko ya yi laushi, a koma asibiti a ranar, a kuma gaya wa likita cewa ya yi zawo mai jini.

Idan gida biyu ko uku masu shan rijiya ɗaya, ko waɗanda suka ci naman yanka ɗaya, suka kwanta a mako guda, a daina shan rijiyar, a sanar da mai unguwa da dubagari ko asibitin da ya fi kusa. Rijiyar da ambaliya ta shiga sai an yashe ta, ma'aikatan lafiya sun zuba mata kulorin mai ƙarfi ta kwana, an kwashe ruwan har warin ya tafi, an kuma gyara kafar da ƙazantar ta bi, kafin a mayar da guga.